Ƙamshin da Farfesa Ya Kulle

Ba farfesa ba ne, malamin fiziks ne a wata kwaleji. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, ya bi shi har bayan ritaya, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Irin mutanen nan ne da in ka tambaye su ƙarfe nawa, sai su fara yi maka bayanin cewa lokaci kansa ba tsayayyen abu ba ne. Matarsa kaɗai ta iya da shi. Da ya ɗauko zancen taurari sai ta miƙa masa albasa da wuƙa, ta ce ya ci gaba, tana jin sa.

Akwai wani ra'ayi da ya tsufa da shi, wanda ba ya faɗa sai a falonsa, ƙofa a rufe. A ganinsa Allah da halitta ba biyu ba ne. Daga tauraro har ƙurar bayan firij duk abu ɗaya ne, doka ɗaya ke tafiyar da shi, kuma wannan ɗayan shi ne wanda mutane ke ɗaga hannu suna roƙo. Yayarsa, wadda ta goya shi yana jariri, takan toshe kunnuwa ta ce, "Ka yi istigfari, ƙanena. Magini daban, gini daban. Kai dai boko ya taɓa ka." Shi kuwa sai ya yi murmushin mutumin da yake ganin ya riga kowa isa.

A farkon damina matar ta kwanta, kwanciyar da ba ta tashi ba. Mutane suka zo ba shi haƙuri, suka tarar shi ke rabawa.

"Ai ba abin da ke ɓacewa," in ji shi. "Makamashi ba ya ƙarewa, kama yake sauyawa. Ɗumin jikinta yana cikin iskar falon nan. Duk numfashin da kuka ja, akwai ɗan abin da ta taɓa shaƙa a cikinsa. Yanzu tana ko'ina."

Wani maƙwabci ya riƙe numfashi har idonsa ya kawo ruwa, sannan ya ce ya tuna ya bar famfo a buɗe. Autarsu, wadda ta taso daga gidan mijinta idanu a kumbure, ta dubi mahaifinta ta ce, "Baba, ko ɗigon hawaye?" Ya ce mata hawaye ruwa ne da gishiri, kuma shi ba ya ganin an yi asarar da za a yi wa kuka. Ta tashi ta shige kicin. Ranar ta ji haushinsa ƙwarai.

Bayan an watse gida ya koma shiru, wata safiya maɓallin rigarsa ya cire. Ya shiga ɗakin marigayiyar neman allura, ya buɗe kabad ɗin kayanta. Ƙamshinta ya fito ya tare shi. Ba na iskar duniya ba, nata, wanda yake ji a wuyanta idan ta sunkuyo tana gyara masa kwalar riga. Ya zauna a bakin gado, kewarta ta kama shi har ya rasa inda zai sa kansa.

A nan ne ilminsa ya juyo ya cije shi. Shekara da shekaru yana buɗe kwalbar turare a kusurwar aji, ya ce kowane ɗalibi ya ɗaga hannu idan ƙamshin ya iso shi, sannan ya tambaye su wa zai iya mayar da shi cikin kwalbar. Ba mai iyawa. Abin da ya bazu ya bazu ke nan, haka dokar take. Wato duk buɗewar da ya yi wa kabad ɗin nan, yana raba ta ne wa sararin samaniya, wanda bai san darajarta ba. Ya zabura ya banko ƙofar kabad ɗin.

Kafin azahar ya dawo daga kasuwa da leda mai kauri, da salatif, da robar bakin ƙofa da ya saya wurin mai gyaran firij. Ya liƙe kowace kafa, ya toshe ramin makulli da kakin kyandir, ya naɗe kabad ɗin gaba da baya. Aiki ya yi kyau, a gaskiya, ko a ɗakin gwaje-gwaje sai haka. Iska ba ta shiga, ba ta fita. Ya kulle ɗakin ya jefa makullin a aljihu.

Da Yaya ta zo ta ce a fito da kayan a raba wa mabuƙata, ya ce ba yanzu ba.

"Ikon Allah! Ba kai ka ce tana ko'ina ba? To zannuwan me za su ƙara maka?"

"Yaya, wani gwaji nake yi."

"Gwaji. Uhm. Wanzami dai ba ya son jarfa." Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Haka damina ta yi ta zuba. Mutumin da ya ce babu wurin da ya fi wani wuri, ga shi kullum da la'asar a kan kujera yana fuskantar kabad. Ba ya buɗewa. Ya yi wa kansa alkawari sai ranar da abin ya fi ƙarfinsa, domin ya san buɗewa ɗaya ce, daga ita sai labari. Sanin cewa tana nan ciki ma ya ishe shi cin abinci da barci.

Ranar ta zo bayan ruwa ya ɗauke. Yana aske gemu ya nemi tuno yadda take dariya, ya rasa. Ya san tana dariya, ya san abin da ke ba ta dariya, yawanci shi ne, amma sautin ya ƙi zuwa. Tsoro ya kama shi. Ya kira Auta a waya ya ce ta zo, akwai abin da ya ajiye musu su biyu.

Ta iso ta tarar da shi tsaye gaban wani ƙaton ƙunshin leda, reza a hannu, ya sa rigarsa ta fita.

"Baba, mene ne wannan kuma?"

"Ƙamshin mamanki ne a ciki. Rufe taga. Idan na buɗe ki ja numfashi sosai, kada ki tsaya magana."

Ta dube shi, haushin da ta daɗe tana riƙewa ya narke, tausayi ya maye gurbinsa. Ta rufe taga ta dawo kusa da shi. Ya tsaga ledar a hankali, ya ɓanɓare salatif, ya ja ƙofar, su biyun suka shaƙa iya ƙarfinsu.

Tari ya sarƙe su. Fumfuna ce ta cinye kabad ɗin, fara da koriya, ta bi zannuwa da mayafai har cikin takalma. Bangon da kabad ɗin ya jingina da shi yana tsattsafo da damina, katakon ya riga ya sha danshi tun kafin a naɗe shi. Matar ta san haka, shi ya sa duk rana mai kyau takan bar ƙofofin a wangale. Farfesa ya yi lissafin duk abin da zai iya fita, bai yi na abin da zai tsiro a ciki ba. Garin neman gira ya rasa ido.

Ya riƙa zaro kayan ɗaya bayan ɗaya yana kai wa hanci, yana jefarwa, har ya kai ƙasan kabad. Sai ya durƙushe a kan tulin ya fashe da kuka, kuka mai sauti, irin na wanda bai saba ba. Auta ta buɗe taga ta dawo ta riƙe kafaɗarsa. Ba ta ce masa komai game da iska ko makamashi ba, shi ma bai nema ba.

Da ya ɗan lafa ya share fuska da hannun riga. Kan malami ba ya rasa dabara ko a cikin kuka.

"Auta, wane turare take sawa? Faɗa mini sunansa in sayo."

Ta girgiza kai.

"Baba, ai Mama ba ta sa turare. Ta ce tun kuna sabon aure ta lura yana sa maka ciwon kai, sai ta daina. Wannan da kake ji, ita ce kawai."