Gurabe Talatin Tsakanina da Baba

Jiya bayan azahar barci ya sace ni a kan kujerar ofis, na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Sati uku ke nan ina fama da aiki ɗaya. Tsakanin wayar hannu da eriya akwai wasu sigina da ba sa ɗauke da maganar kowa. Duka ɓangarorin biyu sun san su tun farko, da su ake auna yadda iska ke lanƙwasa saƙo a hanya, a miƙe shi. Suna da amfani, amma suna cin wuri, aka ce in rage su. Da wannan a kaina barcin ya ɗauke ni.

Sai ga ni a bakin kogin garinmu. Ruwan sama yana tashi daga ƙasa zuwa sama, mutane sun kife lema suna tsaye a cikinta, ba wanda ya damu. A ɗaya gaɓar na hango Baba, mahaifina, da sandarsa, yana jiran jirgin fito. Daga inda nake ina ganin cikin jirgin sarai, akwai rami a tsakiyarsa faɗin faifai. Na kurma ihu, muryar ta faɗo a gabana ta fashe kamar ɗanyen ƙwai.

Ina waiwayawa na tsinci kaina a ofishin aika saƙo. Akuya ce a bayan tebur, da tabarau, da biro a bayan kunne. A gabanta akwai allon dara mai gurabe talatin.

"Mamuda ɗan Malam Ilu," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Gurbi ɗaya, kalma ɗaya. Farin dutse gaisuwa, baƙin dutse magana. Sau uku ake aikawa, babu na huɗu."

"Hajiya, ki taimake ni, mahaifina zai shiga jirgin da ya huje."

"Kowa da abin da ya kawo shi. A fara da gaisuwa."

Ta shiga jera fararen duwatsu da kofatonta, a tsanake. Ina wuni, ina gajiya, yaya gida, yaya ruwa, yaya ƙafar da ke ciwo, yaya mutanen unguwa. Kafin ta gama, gurabe biyu kacal suka rage mini. Na saka "kar ka", ta buga hatimi. Ta taga na ga Baba yana murmushi, yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau, alhamdulillahi. A ƙarshe ya ce, "Kar in me?" Jirgin kuwa ya riga ya taɓa gaɓa.

Raina ya ɓaci. Na sa hannu na share fararen duwatsun nan kaf, suka watse a ƙasa.

"Ni injiniya ne, wannan ai aikina ne," na ce. Na cika allon da baƙaƙe zalla.

Akuyar ta dube ni ta saman tabarau. "Ko sallama babu?"

"Babu lokaci!"

Ta buga hatimi. Kalmomin suka fita ta taga a guje. Suna kaiwa tsakiyar kogi iska ta murɗe su, wasu suka isa a kife, wasu da baya. Baba ya kai tafin hannu bayan kunnensa, ya yamutsa fuska.

"Wane ne wannan mai hayaniya? Ban san muryar nan ba."

Ya ɗaga ƙafar dama ya saka a cikin jirgin.

Wallahi tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. A nan na tuna. Kunnen Baba ya yi nauyi shekaru da yawa, ni kuma kullum ya kira sai in katse shi, in ce, "Baba ina cikin aiki, a taƙaice." Wata rana ya ce mini, "Ba don in ɓata maka lokaci nake gaishe ka ba. Na san abin da za ka amsa, to da shi nake saita kunnena. In ka faɗo maganar kai tsaye, ba na kama ta." Dariya na yi ranar.

Na juyo, sai na tarar akuyar tana cin allon. Ta riga ta cinye fiye da rabi.

"Hajiya, me kike yi haka?"

"Lokacin abincin rana ne. Saura gurabe goma sha ɗaya, ka hanzarta."

Na durƙusa ina laluben fararen duwatsun da na zubar. Huɗu na samu. Na saka biyu a farko: salamu alaikum. Sannan baƙaƙe huɗu: Baba, kar ka shiga. Sannan farare biyu: ina wuni. Sannan baƙaƙe uku: jirgin ya huje.

"Gaisuwa a tsakiyar magana?" in ji akuyar. "Wa ya rene ka?"

"Iskar tsakiyar kogi daban ce da ta gaɓa. Ki buga, don Allah."

Ta lashi hatimin, ta duba agogo, sannan ta buga.

Na manne fuskata a taga. Farare biyun farko suka isa. Baba ya ɗago kai.

"Wa alaikumus salam. Mamuda?"

Ƙafarsa ɗaya a jirgi, ɗaya a gaɓa. Mai fito ya kafa sandarsa a ƙasa zai tura. Sauran kalmomin suna tafe a kan ruwa a jere, a hankali, a hankali, kamar 'yan agwagwa. Baba ya karkata kunne yana jira. Jirgin ya motsa.

Sai janareton ofis ya tashi da ƙara, na farka a firgice, wuyana ya sage, biro a manne a kumatuna.

Wayata tana kan tebur a kife, yadda na ajiye ta tun safe. Na juya ta. Kira biyu daga Baba, duka ban ɗauka ba. Na danna lambarsa, ta yi ta ringi, ta yi ta ringi, har na miƙe tsaye. Can aka ɗauka.

"Salamu alaikum, Baba. Ina wuni? Ina gajiya? Yaya ƙafar?"

Sai na ji muryar Baba.

"Mamuda? Lafiya dai ko? Yau kai ne da gaisuwa?"