Wasiƙar Shanun Bappa

Ciwon bushiya ya shiga garken Bappa a Beli ran wata Asabar, kafin Litinin saniya biyu sun kwanta. Da fari liman ne ya rubuta masa takarda da ajami zuwa ofishin dabbobi a Kano, a turo masu allura. Aka dawo da ita, wai a rubuto da Turanci, sai ka ce shanun da Turanci suke mutuwa.

Bappa ya ɗauki sandarsa ya nufi Rogo ran kasuwa, don ranar kaɗai motar Kano ke zuwa. Mutum biyu aka nuna masa: Sulle malamin kotu, mai tafireta, da Malam Lukumanu hedimasta, wanda ba ya rabo da jan alƙalami. Sulle ya buga wasiƙar nan da nan, cewa shanu goma sha takwas ne suka rage, a taimaka. Da ya miƙa wa Bappa a nan, da shi ke nan. Amma sai da ya kai wa hedimasta ya duba, don a yaba masa.

Malam Lukumanu ya gyara tabarau, ya yi tsaki.

"Wannan ai abin kunya ne! Ina babban baƙi a farkon jimla? Kalmar nan kuma akwai harafin da ake rubutawa ba a furtawa, ka haɗiye shi."

"Harafin da ba a furtawa, uban me yake yi a ciki?" in ji Sulle.

"Doka ce. Harshe sai da doka guda, haka ma ƙasa. Shi ya sa nake cewa jam'iyya ɗaya ta ishe mu. Kun tara jam'iyyu barkatai, kowa na rubuta abin da ya ga dama."

"A'aha! Wato mutum ɗaya ya riƙe jan alƙalami, sauranmu mu yi shiru? In shi ya yi kuskure wa zai gyara masa?"

Bappa na tsugune a bakin zaure, ransa na tafasa. "Allah gafarta Malam, motar fa tana lodi."

"Baba, yi haƙuri. Takardar da ta fito daga Rogo da kuskure, ni za a yi wa dariya a Kano," in ji hedimasta.

Dariya! Ita ce ta dame shi. Aka sake bugawa, aka sake jan layi, aka koma kan zaɓe, aka dawo kan waƙafi. Bappa na ji da kunnensa motar ta yi ham, ta tashi. Hedimasta ko a jikinsa, ya ce ai kasuwa mai zuwa ma rana ce.

Kwana bakwai Bappa ya yi yana jan mushe zuwa bayan ruga. Matarsa Zaituna ta kife ƙwaryar nono, ta daina kallon wajen garken. Har baƙar saniyar da ya gada wurin mahaifinsa ta tafi. Ita bai bari kowa ya taya shi ja ba.

Da kasuwa ta zagayo ya koma. Ya tarar da su a zauren nan, har yanzu ba su gama da jam'iyya ba. Malam Lukumanu ya zaro wasiƙar daga cikin littafi, fes da ita, ya ɗaga ta sama yana murmushi.

"Ga ta, Baba. Ko Bature ya karanta ba zai sami kuskure ɗaya ba."

"Karanta mini da Hausa," in ji Bappa.

Ya karanta, yana jan murya. Bappa ya saurara har ƙarshe.

"Akwai kuskure, Malam."

Hedimasta ya zabura. "A ina? Nuna mini!"

"Ka ce goma sha takwas. Ɗauko jan alƙalamin naka. Saura biyar."