Baƙin Da Ba Sa Zama

Kwalbar ce ta fara shigowa tsakar gida, tana mirginowa daga zaure har ta daki gindin turmi ta tsaya. Ƙaramar kwalbar maganin tari ce, an ɗaura mata jan zare a wuya. Ina ganin zaren na san ta jikana Gali ce, don shi maɗinkin hula ne, kuma haka yake yi wa kwalabensa alama kada abokai su shanye masa. Na yar da tsintsiya na leƙa zauren. Yana kwance, rabin jikinsa a tabarma rabi a ƙasa, yawu na bin gefen bakinsa. Ƙanwarsa Zulaiha na tsaye a kansa da wata kyamara ta aro, tana gyara tsayuwa.

Ban san da sauran sauri a ƙafata ba sai ranar. Na shiga tsakaninsu na baza mayafi.

"Iya, matsa."

"Ba zan matsa ba. Mijin nawa za ki ɗauka a haka?"

Tun yana goye nake ce masa mijina, irin wasan kaka da jika, shi kuma ya ce mini amaryarsa mai haƙori ɗaya. Da yana cikin hankalinsa ba ya shigowa gidan nan bai kawo mini goro ba, ya ce kuɗin cefane ne.

"Iya, wannan rufa-rufar ce ta kai mu nan," Zulaiha ta ce. "Kowa a unguwar nan ta Matsango ya san Kawu mai kemis ke sayar wa samari maganin nan, kowa ya yi shiru. Na rubuta, na sake rubutawa, ba wanda ya motsa. An ce in na sa hoto za a gani."

"Wa ya ce?"

"Abdulsamad, mai kafen intanet."

"To ki kai ni wajensa, in ji da kunnena."

* * *

Wannan a bazarar 2008 ke nan, lokacin da gidajen intanet suka fara yawa a Azare. Zulaiha ta gama kwalejin horon malamai, aiki bai samu ba, sai ta buɗe abin da suke kira bulog, wato shafinta na kanta a intanet, tana rubuta yadda maganin tari ke cinye samarin unguwa. Burinta ɗaya ne: wani mai iko ko ɗan jarida ya karanta, a rufe shagon Kawu tun yayanta na da sauran numfashi.

Kafen wani ɗaki ne dogo, janareta na ruri a bayansa, fanka na juya iska mai zafi. Abdulsamad, wani siririn saurayi mai tabarau, ya taso da fara'a ya jawo mini kujera.

"Hajiya da kanta! Yau kafe ya yi albarka."

"Albarkar na zo gani. Nuna mini."

Ya nuna mini shafin, rubutu ne cunkus, da wata lamba a can ƙasa. Ya ce lambar nan ita ke ƙirga baƙin da suka shigo. Ya ce da can Zulaiha ba ta da kowa, sai ya sa ta a wata zumunta ta masu shafuka. Ka ziyarci na wasu, a rubuta maka lada, a turo maka wasu su ziyarci naka.

"Ashe biki ne," na ce. "Ki je nawa in je naki."

"Shi ke nan, Hajiya! Kin fi wasu 'yan boko saurin ganewa."

Na zauna na zuba ido. Zulaiha ta danna, wani shafi ya buɗe, motoci ne na sayarwa. Wani ɗan agogo ya fara juyawa a kusurwa. Yana tsayawa ta danna, wani ya buɗe, wata baturiya ce riƙe da maganin rage ƙiba. Agogo ya juya, ta danna. Idonta ba ya kan rubutun, yana kan agogon.

"Ke kina karanta nasu?" na tambaye ta.

Ta sake dannawa.

"To su wa ya ce miki suna karanta naki?"

Abdulsamad ya yi saurin shiga. "Ai shi ya sa na ce hoto, Hajiya. Shugabannin zumuntar suna ɗora shafin da ya fi ɗaukar ido a gaba, inda manyan masu karatu suke, 'yan jarida da ƙungiyoyi. Ki sa saurayi kwance yana dalalar da yawu, wallahi ko mai sauri sai ya tsaya."

"Zai tsaya ya kalla. Kai in naka ne ke kwance, za ka sa?"

Ya cire tabaraunsa yana gogewa da bakin riga.

A hanyar gida Zulaiha ba ta yi mini magana ba sai da muka wuce shagon Kawu. Yana zaune a benci da carbinsa, ya ɗago hannu ya ce, "Hajiya, an fito shan iska?" Samari uku na tsugune a inuwar shagon. Da muka yi nisa ta ce, "In ya mutu, Iya, mayafinki ne ya rufe shi."

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Na ce mata, "Faɗin abin da ke cinsa daban, tallan tsiraicinsa daban. Ki faɗa da bakinki, zan tsaya a bayanki. Amma fuskarsa tasa ce."

Ta mayar da kyamarar. Ta ci gaba da zuwa kafe, tana danna shafukan mutane daga hantsi har azahar, lambar tana hawa ɗari bisa ɗari. Kawu kuwa har sabon fenti ya yi wa shago.

* * *

Ruwan farko bai sauka ba Gali ya tafi. Da rana tsaka abokansa suka kawo shi a kan kurar ɗaukar kaya, jikinsa na karkarwa, wai ya haɗa maganin da ƙwayoyi. Kafin a kai asibiti ya cika. Hular da yake ɗinki tana aljihunsa, allura a soke, rabin zanen bai ƙare ba.

Uwarsa Asma'u, matar ɗana marigayi, mace ce mai kunya da gudun magana. Duk wadda ta shigo gaisuwa ta ce, "Me ya same shi?" sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Zazzaɓi ne." Su kuma su ce, "Ayya, zazzaɓin bana ba kyau." Kowa ta san ƙarya ce, kowa ta taya ta riƙewa. Haka muke yi a ƙasarmu ta Guddiri, muna ce masa sutura. Kawu ma ya zo, an ce a sahun gaba ya tsaya wajen jana'iza, matarsa kuma ta aiko da babbar fanteka ta dambu.

Washegarin rasuwar Zulaiha ta saci jiki ta je kafe, ta rubuta cewa yayanta ya mutu, ta faɗi abin da ya kashe shi. Ranar sadakar uku da safe ta koma ta duba. Ta dawo da takardu a hannu, ta same ni a ɗaki, ta zauna a bakin gado. Ba ta kuka. Na fi son a ce kuka take.

"Iya, baƙina sun yi mini ta'aziyya. In karanta miki?"

"Karanta."

"Wannan ya ce, 'Shafinki ya yi kyau, ki ziyarci nawa.' Wannan ya ce, 'Madalla, a ci gaba da nishaɗantar da mu.' Wannan kuma ya ce, 'Ina taya ki murna.'"

Daga tsakar gida muna jin Asma'u na cewa wata, "Zazzaɓi ne."

Zulaiha ta miƙe. "Kin ce za ki tsaya a bayana."

"Ɗauko mini sandata."

* * *

Tsakar gidan cike yake da mata, tabarmi har bakin rijiya, ana raba gumba da waina. Zulaiha ta tsaya a tsakiya ta yi sallama da ƙarfi, ta buɗe takardar abin da ta rubuta a shafinta.

"Yayana Gali ba zazzaɓi ne ya kashe shi ba."

Asma'u ta ce, "Zulaiha!" Wata dattijuwa daga dangin uwar ta buga cinya ta ce, "Subhanallahi! A gidan mutuwa? Yarinya, ba a tona mamaci. Wa ya ba ki wannan iko?"

Na dogara sandata na tako har gefen jikata.

"Ni na ba ta. Duk cikinku wa bai san Gali mijina ba ne? Ni ce mai takaba a gidan nan. Ya tafi ya bar ni ba goro ba cefane, kuma a ce ba zan faɗi abin da ya raba ni da mijina ba?"

Wata ta yi dariya ba ta shirya ba, dariyar ta juye mata kuka. Dattijuwar ta ja baya, don ba mai hana matar mamaci magana a zaman makokinsa, ko da matar ta wasa ce.

"Karanta," na ce.

Ta karanta. Ba ta zagi kowa ba. Ta faɗi yadda ya fara da cewa mura ke damunsa, yadda barci ya riƙa kama shi da allura a hannu, yadda masu ba shi ɗinki suka janye. Ta faɗi ranar da ta ɗaga katifarsa za ta shanya, ta tarar da kwalabe jere kamar ƙwai. Ta faɗi shagon da ake sayarwa, da cewa ba a tambayar takardar likita, sai dai a tambaye ka guda nawa. Matar Kawu ta ja mayafi ta fita, ta bar takalminta ɗaya.

Ban da ita ba wadda ta tashi. Wainar ta huce a faranti. Da Zulaiha ta kai ƙarshe, wata mata da ta zo daga Bulkachuwa, Zainabu, ƙawar Asma'u tun ƙuruciya, ta ce a hankali, "'Yata, koma wajen katifar nan."

Ta koma ta sake karantawa.

"Nawa a cikin buhun gero yake ɓoyewa," Zainabu ta ce, tana kallon ƙasa.

"Nawa a bayan banɗaki," wata ta ce daga bakin rijiya.

"Ni na ɗauka tarin ne bai sake shi ba," in ji wata. "Har ni ke ba shi kuɗi ya sayo."

Asma'u ta daɗe fuskarta a cikin mayafi. Can wata baƙuwa ta shigo da sallama, ba ta san abin da ake ciki ba, ta durƙusa ta yi gaisuwa ta ce, "Me ya same shi?" Asma'u ta ɗago, idonta jawur.

"Maganin tari ne," ta ce.

Har aka kira la'asar matan nan suna zaune. Zulaiha ta raɗa mini, "Iya, ba wadda ta kalli agogo."

* * *

Ranar sadakar bakwai kowace ta zo da ƙulli a mayafi. Ba gero ba ne, ba kuma goro ba. Da hantsi muka fita, ni a gaba da sandata, muka jera kwalaben a ƙofar shagon Kawu, tun daga bakin dakali har kwata. Na Gali na sa a gaba, masu jan zare. Ba mu yi ihu ba, ba mu ce komai ba. Zulaiha ta sake aro kyamarar, wannan karon ban tare ta ba.

Kawu ya fito yana jan carbi, ya dubi kwalaben, ya dube ni.

"Hajiya, ya ƙarin haƙuri? Ni fa magani nake sayarwa, da takardata ta hukuma. Wanda ya sha fiye da ƙima, shi da Allahnsa."

"Kai ma da naka," na ce.

Zulaiha ta sa hoton kwalaben a shafinta, ta fita daga zumuntar. Abdulsamad ya ce ta yi wauta, lambarta za ta faɗi. Ta faɗi kuwa, har ana iya ƙirga baƙin da yatsun hannu. Zulaiha ta ce ta san su: wata malamar makaranta a Giade da ke bugawa a takarda tana karanta wa iyaye, da wani ma'aikacin jinya da ya rubuto mata dogon bayani. Yanzu duk abin da ta rubuta sai ta buga, ta bi gidajen suna da na biki da shi. Wasu gidajen a shimfiɗa mata tabarma, wasu a ce matan gidan ba sa nan, alhali tana jin muryarsu.

Ɗan jarida bai zo ba. Mai iko bai zo ba.

Ranar kasuwa na je sayen kayan miya, na tsaya gaban wata mai man gyaɗa. Ta jera shi a ƙananan kwalabe, wankakku tas, suna ƙyalli a rana. Ta ce a buhu ta saye su, da araha, wajen wani mai kemis a Matsango. Ta uku daga hagu tana da jan zare a wuya, wanki bai cire shi ba.

Ita na saya. Na juye man a kwano a gida, na ɗauki sandata na koma shagon Kawu. Samari na tsaye a bakin kanta suna jiran a sallame su. Na sunkuya da ƙyar, na ajiye kwalbar a kan dakali, daidai inda na sa ta ranar bakwai. Wani daga cikinsu, sa'an Gali, ya ce, "Sannu, Iya," ya janye ƙafarsa ya ba ta wuri, sannan ya miƙa hannu a ba shi tasa.