Kafaɗar Hagu ta Fabiola

Shekara biyar Fabiola Lobato tana jefa sunanta a ƙuri'ar hukumar dabbobin daji ba tare da ta gaya wa kowa ba, sai a ta shida ya fito. Takardar ta ba ta izinin harbin bijimin elk, wato ƙatuwar barewar dutse, guda ɗaya, a cikin kwana tara na watan Satumba da aka keɓe wa masu adaka, bindigar nan da ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki. Tana sauke 'yan makarantar da take ɗauka a bas ta ajiye motar a karkace, ta nufi gidan mahaifinta da takardar a hannu.

Tsoho Eusebio yana zaune a baranda inda ya saba, da robar iska a hanci. A duk kwarin San Luis, in ana zancen farauta da adaka, da sunansa ake buɗe baki. Shekara hamsin bai taɓa saukowa daga dutse hannu rabbana ba, kuma kowa ya san dalili. Akwai wani kududdufi a can sama inda bijimai ke birgima a taɓo lokacin barbara, shi kaɗai ya san hanyarsa. Sharaɗinsa guda ne: duk wanda ya zuba harsashi uku a jere a cikin farantin takarda daga taku saba'in, a gaban idonsa, zai faɗa masa wurin. 'Ya'yansa maza biyu sun gwada sun kasa, sun tattara sun koma birni. Yanzu likita ya raba shi da dutse, kuma ko ba a faɗa ba, tarin da yake yi ya isa ya gaya wa mutum cewa lokaci ya yi kaɗan.

"Baba, ka ara mini bindigarka," in ji Fabiola.

Ya karanta takardar sau biyu, ya miƙo mata. "Ki yi me da ita? Ki tokare ƙofa?"

"In hau dutse."

"Ke? Ke da kika kasa samun gwangwani a taku goma?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Haba 'yar nan. Elk ba ya son wasa. Ki ji masa rauni ya je ya ruɓe a kwazazzabo, wa zai ɗauki alhakin?"

Maganar gwangwanin nan shekararta talatin da shida, amma ta soke ta kamar yau aka yi. Tana 'yar shekara goma ya jera musu gwangwanaye a bayan gida, yayyenta suna ta kakkaɓe su, ita kuwa harbi goma sha biyu ko ɗaya ba ta taɓa ba. Ya zare bindigar daga hannunta a hankali ya ce, "Wannan ba naki ba ne." Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. Daga ranar ita ce mai yanka nama da shanya kilishi, ita ce mai wanke tukwane idan maza sun dawo da labari.

Ta juya mota zuwa gidan Tranquilino Vigil, maƙerin bindiga kuma aminin mahaifinta, wanda kowa ke kira Tranki. Wani ɗan guntun tsoho ne mai gajerun ƙafafu da baki kamar reza. Shagonsa na bayan gida, jajayen barkono a rataye a ƙofa, ciki kuwa warin mai da katako. Ta shimfiɗa masa wani hoto da ta yago daga mujalla, bindiga baƙa mai walƙiya da madubin hange a samanta.

"Kawu, irin wannan nake so."

"A'a, lallai! Wata za ki harbo?" Ya ture hoton da ɗan yatsa. "Madubin nan doka ta hana a lokacin adaka, sai ki cire shi daga ranki. Ido da ƙarfe kawai. Kuma ba bindiga ake fara zaɓa ba, dabba ake fara dubawa. Elk ya kai doki. Ƙasa da mai faɗin baki lamba hamsin, kin zo yi masa susa ne."

Ya sauko da guda uku ya jera. Ta ɗauki ta farko ta kai kafaɗar dama, ta auna wata ƙusa a bango. Tranki bai kalli bindigar ba, fuskarta yake kallo. Ta ɗauki ta biyu, ya ce ta sake. A ta uku ya tsuke baki.

"Me ya sa kike miƙa wuya kina tsallake ƙotar kamar kaza na leƙen rijiya?"

"Haka nake gani sosai."

Ya yago kwalin wani akwati, ya huda tsakiyarsa da ƙusa. Ya ce ta riƙe da hannu biyu, ta miƙe su, ta hango hasumiyar coci ta cikin hudar da idanu biyu a buɗe, sannan ta jawo kwalin zuwa fuskarta ba tare da hasumiyar ta ɓace ba. Ta jawo. Kwalin ya zo ya tsaya a kan idon hagu. Ta sake har sau uku, nan ɗin dai yake zuwa.

"To, ga ɓarawon," in ji Tranki. "Hannunki na dama ne, amma idon hagu ke jan ragama. Kina ɗora bindiga a dama, idon hagu yana auna miki wani wuri dabam. Ko shekara ɗari za ki yi kina harbi, gefe za ki riƙa samu."

Fabiola ta zauna a kan wani benci. Ta yi zaton za ta yi murna, sai ta ji fushi ya taso mata har wuya. Kwali da ƙusa! Abin da ya raba ta da dutse ke nan tun tana yarinya.

Tranki ya bar ta ta huce, ya hau tsani ya sauko da wata adaka da ƙura ta rufe. Ta bahago ce, 'yar gudumarta a gefen hagu, yadda tartsatsin hular tagullar da ke kunna albarushi ba zai fallatso wa mai harbi a fuska ba. Ya ce shekara goma sha ɗaya tana rataye tana jiran mai ita. Ba kyakkyawa ba ce, katakon ya yi duhu, ga tabo nan da can, amma da ya haska fitila cikin bututun sai ga shi fes.

"Gobe ki zo da rigar sanyin da za ki hau dutse da ita."

"A watan Yuni, Kawu?"

"A Yuni za ki yi farautar?"

Haka ta tsaya washegari tana zufa cikin ƙatuwar riga, yana auna ta daga gwiwar hannu zuwa ɗan yatsa. Ya yanke faɗin yatsa biyu daga ƙotar, ya goge, ya sa ta rufe ido ta ɗaga bindigar ta buɗe. Ya sake rage kaɗan. A karo na huɗu tana buɗe ido ta ga saitin gaba zaune daram a tsakiyar na baya, kamar an ajiye mata shi. Wanda bai ga hannun Tranki a kan katako ba, bai san abin da ake kira sana'a ba. Mutumin da ba ya iya shiru na minti ɗaya, in ya kama zarto ko numfashinsa ba ka ji.

Daga nan kowace Asabar da safe suna ramin da ake ɗiban tsakuwa a bayan gari. Ya koya mata fasa hula biyu a bindiga babu ɗuri don ƙone man da ya kwanta a ciki. Ya hana ta zuba albarushi kai tsaye daga gora, sai ta ma'auni. Suka gwada ma'auni a lamba saba'in, harsasai suka warwatse. Suka gwada casa'in, bindigar ta yi mata harbin jaki har kafaɗarta ta yi shuɗi. A tamanin suka taru wuri guda, sai dai ƙasa da farantin. Tranki ya fito da magagari ya shafi saitin gaba sau ɗaya, ya ce ta harba. Ya sake shafa sau ɗaya.

"Kawu, ka ci shi gaba ɗaya mana mu huta."

"In na zarce, ke za ki mayar mini da ƙarfen?"

Kafaɗar hagu ba ta karɓi aikin da sauƙi ba. Makonni uku tana jin kamar da hannun wani take harbi. Ran nan kuma garin sauri ta danna dalma ba ta zuba albarushi ba, ta ja kunama, hula ta yi ɗan ƙyas, shi ke nan. Tranki ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zaro dalmar da wani ƙarfe mai murɗi.

"Kowa ya taɓa yi, har ubanki, ko da zai rantse bai yi ba. Shi ya sa ake tsaga a jikin sandar ɗuri. In kin ɗura daidai, tsagar tana tsayawa a bakin bindiga. Ta nutse, kin manta albarushi. Ta yi sama, kin ɗura biyu, kuma kanki za ki fasa."

Ta miƙa masa sandar. "To yi mini."

"Ba ni ke yi ba. Wanda ya yarda ki hau dutse shi ke tsagawa. Ki naɗa zare kafin nan."

Lahadin ƙarshe ta watan Agusta, bayan an taso daga coci an ci wake da koren barkono, Fabiola ta kafe farantin takarda a jikin damin ciyawa a bayan gida, a filin da aka taɓa jera gwangwanaye. Aka fito wa Eusebio da kujera da tulun iskarsa. Tranki ya auna taku saba'in.

"Ƙara biyar," in ji Eusebio. "Takun wannan gajeren ai na agwagwa ne."

"Agwagwar da ta ɗauko ka daga dutse ranar da ka karye ba!" in ji Tranki.

Aka ƙara biyar. Fabiola ta zuba ma'auni, ta danna dalma har zaren ya zo baki, ta ɗora hula. Ta durƙusa da gwiwa ɗaya, ta kai bindigar kafaɗar hagu.

"Ke! Ba nan ba ne!" Eusebio ya yunƙura. "Tranki, abin da ka koya mata ke nan? Ko kafaɗar ba ta sani ba?"

"Rufe mana baki, mutumina, ana aiki."

Bindiga ta yi ruri, farin hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya rufe filin. Fabiola ba ta tsaya duba komai ba. Ta goge bututu, ta auna, ta danna, ta harba. Kafin na uku iska ta taso tana kaɗa ciyawa. Ta sauke bindigar ta jira, ta bar tsofaffin biyu suna muzurai, sai da iskar ta kwanta ta ja kunama.

Ita ta je ta ciro farantin ta ɗora masa a cinya. Huda uku, tafin hannu ɗaya ya rufe su duka. Eusebio ya zura yatsa a kowace. Ya ɗaga farantin sama, ya juya bayansa, kamar mai neman inda aka yi masa wayo.

"Yaushe kika zama bahaguwa?"

Tranki ya zaro kwalin nan mai huda daga aljihu ya ba ta. "Nuna masa." Ta miƙe hannu, ta hango kan dutse, ta jawo. Kwalin ya sauka a idon hagu.

"Haka aka haife ta," in ji Tranki, kuma wannan karon babu tsokana a muryarsa. "Ba ta taɓa rashin saiti ba, Eusebio. Kafaɗa aka ba ta ba daidai ba."

Tsohon ya daɗe yana kallon filin. Mutum ne da bai iya ba da haƙuri ba, duk kwarin an shaide shi da haka, kuma Fabiola ba ta sa rai ba. Fushin da ta yi wata uku tana goyo ta neme shi ta rasa, don ba ta taɓa ganin mahaifinta ya ƙanƙance haka ba.

"Sake ɗura ta," ya ce. "Kar ki sa hula."

Ta ɗura, ta bar sandar a ciki. Ya warware zaren ya yar, ya zaro wuƙarsa ta aljihu. Wuƙar ta ƙi tsayawa wuri ɗaya a hannunsa. Fabiola ta ɗora hannunta a kan nasa ta riƙe, suka zagaye sandar tare, tsaga siririya daidai bakin bindiga.

Tranki ya ce bari ya je ya duba ko akwai sauran wake, ya ba su wuri. Ta laluba jaka tana neman biro.

"Ba a rubutawa. Matso." Ya ja numfashi daga robar. "Ki bar mota a gadar katako ta biyu. Ki bi rafi ta hagu har inda wuta ta taɓa cin bishiyoyi. Akwai dutse mai tsage biyu, ki shiga ta tsakiya, iska na bugun fuskarki. In kin ji wari kamar na garken awaki, ki durƙusa, kin iso."

Ya sa ta maimaita sau uku, ta maimaita ba kuskure. Ya gyaɗa kai, ya riƙe farantin a ƙirji da hannu biyu, yana kallon dutsen da ba zai sake takawa ba.

"Shekara talatin da shida," ya ce. "Ina da ƙafa a lokacin, Fabiola. Da da kaina na kai ki."