Gishiri da Kambas

Igiyar takalmin kambas ba ta da wuyar ɗauri, sai dai idan mai ɗaurin ta haura sittin, kuma a durƙushe take. Inna ta ja igiyar ƙafar hagu ta ƙulle, ta dafa hannun kujera ta miƙe a hankali, gwiwoyinta na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Mijinta na zaune yana jujjuya kafaɗu yadda aka koya masa.

"Kin matse ta dama," in ji shi.

Ta sake durƙusawa.

Akawu ake ce masa, sunan da ya biyo shi daga ofishin da ya yi wa aiki har furfura ta cim masa. Bayan ritaya ya sami kujera a falo ya maƙale mata, shayi mai sukari a dama, rediyo a hagu, tumbi na ta yin gaba. Haka aka yi ta tafiya har bara, ranar da amininsa Tela ya kife a kan keken ɗinkinsa, ko shurawa bai yi ba. Ba a jima da rasuwar ba Akawu ya tashi da jiri, aka kwashe shi sai asibiti. Hawan jini ne. Likita yana rubutu, ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "A rage gishiri da maiƙo, a riƙa ɗan tattaki."

Magana ɗaya ce, amma 'ya'yansa biyu da ke tsaye a wurin suka raba ta kamar gado. Babbar, wadda kowa a gidan ke kira Yaya, tana aiki a kantin magani, ita ta ɗauki rabin farko. Auta, malamin wasanni a makarantar sakandare, ya rungumi na biyu. Kafin mako ya zagayo Yaya ta shiga kicin ta kwashe gishiri da sukari da dunƙule da galan ɗin mai, ta zuba a bayan motarta. Auta kuma ya zo da fararen kambas da wando mai roba a ƙugu. Kowannensu ya kafa dokarsa, ya koma gidansa. Aka bar Inna da dokoki biyu da tsoho ɗaya.

Da gari ya waye sukan fita filin makarantar da ke bayan layinsu. Auta ya ce kada a bar Baba ya tafi shi kaɗai, ko jiri zai dawo, don haka Inna ke bin sa da robar ruwa a hannu, silifas ɗinta na jiƙewa da raɓa. Daga fili sai kasuwa, domin Yaya ta ce ganyen da ya kwana ba shi da sauran amfani. Daga kasuwa sai wanke ganye, gyaran kifi, cire fatar kaza, tafasa wannan, turara wancan. Da fari tukunya biyu take ɗorawa, tasa da tata, da ɗan gishirin da ta ɓoye a gwangwanin madara. Daga baya ta ga wahalar ta fi daɗin, ta koma ɗaya. Miyar kuwa ba ta wuce mata maƙogwaro. Takan ɗan taɓa a tsaye, bakin tukunya, ta kora da ruwa. Wata rana ma har yamma sai ta tuna ba ta taɓa ɗin ba. Takan ce wa kanta mai girki ƙamshi ke ƙosar da shi, ko da yake girkin nan ba shi da wani ƙamshi.

Ƙarshen mako yaran ke zuwa, kuma ba a taɓa gama cin abinci ba a tayar da zancen ba.

"Baba, ciki shi ne ƙofar cuta," Yaya ta ce wata Asabar, tana leƙa kwanonsa kamar mai binciken kaya. "Ko duniya ka zagaye da ƙafa, in cokalinka bai gyaru ba, ɗiban ruwa kake da kwando."

"Haba Yaya," in ji Auta. "Motar da aka ajiye, ko wane irin mai kika zuba mata tsatsa za ta ci ta. Kaka fa, mahaifiyar Baba? Kitse take ci kamar ba gobe, ta kusa ɗari da haƙoranta."

"Kaka ta san abincin gwangwani da lemon kwalba?"

"Ta san zaman kujera? Matar da ko baƙi ta yi a tsaye take gaisawa da su?"

"To abokinka mai horar da 'yan gudu fa? Ba a tsakiyar fili ya faɗi ba, da usur a baki?"

"Wannan ciwon gado ne. Ke dai da kin ga mutum sai ki ga majinyaci."

"Kai kuma ko gawa ka gani sai ka ce ta tashi ta yi tsalle."

Akawu ya yi dariya har da buga ƙafa. Tun da ya bar ofis ba a taɓa yin taro a kansa kamar haka ba, kuma abin na yi masa daɗi, ba ya ɓoyewa. Ya juyo wajen Inna, wadda ke tsaye da tulun ruwa tana jiran wanda kofinsa zai ƙare.

"Ke kuma Innarsu, me kika ce? Ciki ko ƙafa?"

"Na ce abinci na hucewa."

Suka yi dariya, suka koma inda suka tsaya. Ita kuwa ta tattara kwanukan da aka gama da su ta wuce kicin. Daga can tana jin muryoyinsu na hawa da sauka. Ta jingina da bango, ta rufe ido, ruwan famfo na zuba a kan hannunta. Ba ta ƙi ko ɗaya daga cikinsu ba. Tsoro ne ke sa su, ta sani. Ita ma ta ga yadda fuskar Akawu ta koma ranar jirin, kuma har yau in ya yi shiru da yawa a falo takan leƙa. Abin da dai ba ta gane ba shi ne yadda mutum biyu za su yi ta jan igiya, amma hannun na uku ne ke kumbura.

Akawu ya murmure, wannan ba a musu. Tumbi ya sauka, fata ta yi haske, barcin rana ya ragu. Da aka koma awo likita ya ce madalla. Yaya ta kira a waya ta ce, "Kin ga aikin ganye, Inna?" Ba ta daɗe da ajiyewa ba Auta ya kira ya ce, "Kin ga aikin ƙafa?" Ta ce wa kowannensu ta gani.

Sai dai da ƙarfi ya dawo masa, sauri ya ƙaru. Mutumin da a da take rage tafiya don ya cim mata, yanzu ƙeyarsa take kallo. Kuma ya sami sabuwar al'ada: yana tafe yana ba da labarin ofis, na shugaban da ya zo da fushi ya tafi da kunya, na shekarar da rufin ma'ajiya ya yi yoyo. Ba ya juyowa. Ya saba tana nan.

Ranar da abin ya faru, tun daga ƙofar gida ta ji ƙafafunta kamar na aro. Ta ɓoye masa, don in ta faɗa zai ce a fasa, in aka fasa Auta zai ji, in Auta ya ji za a yi waya. Suna cikin zagaye sai ta ga filin ya karkata, itatuwan bakin katanga sun kwanta gefe guda. Ta lallaɓa ta dafa turken ragar ƙwallo, ta sulale ta zauna. Ta buɗe baki za ta kira shi, sai ta ce bari dai ta ɗan huta tukuna. Ciyawar na da sanyi. Ta kwantar da kumatunta a kai, wani daɗi ya ratsa ta wanda ta manta rabonta da irinsa. Abin da ta gani na ƙarshe shi ne bayan Akawu can nesa, yana ɗaga hannu yana yi wa iska bayani.

Ta farka a ɗaki mai warin magani, da robar ƙarin ruwa rataye a kanta. Wata likita matashiya ta ja fatar idonta ƙasa ta duba, ta juya tafin hannunta ta daɗe tana kallo.

"Mama, kina cin abinci kuwa?"

"Ina taɓawa."

"Motsa jiki fa? Kina ɗan yi?"

Dariya ta taso wa Inna, ta tsaya mata a ƙirji ta koma tari. Likitar ta jira har ta lafa, sannan ta ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, jikin kuma ya gaji, za a riƙe ta a ga abin da hali zai yi.

Yaran suka iso kusan tare, Yaya da rigar aikinta, Auta da gumi. Suka yi kuka, suka riƙe mata hannu, ɗaya dama ɗaya hagu. Hawayen bai gama bushewa ba Yaya ta dubi ƙaninta ta saman gadon.

"Ka ga abin da tattakinka ya jawo."

"Tattakina? Yunwarki dai. Kin kwashe kicin kamar an yi gobara."

"Baba na hana, ban hana Inna ba!"

"Ni ma Baba na ce ya fita!"

Nan kowa ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Inna ta rufe ido ta yi kamar barci ya ɗauke ta. Nas ta zo ta ce masu jinya su ragu, suka fita sumui-sumui.

Akawu ne ya rage. Ya ja kujerar roba ya zauna, hular a hannu yana murza bakinta. Hasken la'asar ya shigo ta taga ya kwanta a kan zanen gado.

"Na san idonki biyu," ya ce daga baya. "Sai da na kai ƙarshen labarin fa, na juyo in ji me za ki ce. Ashe ni kaɗai nake ta zuba."

"Ai na san labarin, Malam."

Ya yi ɗan murmushi wanda bai kai ido ba. Ya gyara mata bakin zane, abin da bai iya ba, ya ƙara yamutsa shi.

"Me kike so in kawo miki? Ko mene ne. Ba ruwana da dokar kowa."

Ta nemi amsa. Ta leƙa cikin ranta kamar mai laluben tukunyar da aka riga aka kankare, ba ta sami komai ba. Ta san abin da yake so da safe da rana da dare, ta san abin da Yaya ba ta ci tun tana goye, ta san yadda Auta ke son ƙwai. Nata ne ya ɓace mata.

"Ka je gida ka ci abinci," ta ce. "Akwai sauran miya a firij, ka ɗumama."

"To. Ashanar tana…" Ya tsaya. Ya sa hularsa. "Zan gani."

Da yamma aka turo keken abinci. Farar shinkafa ce da miya tsararo, da ɗan yankan nama guda. Akwai gishiri. Ba wani girkin kirki ba ne, da a kicinta ne da ta ji kunyar fito da shi. Ta ci a zaune, da bayanta jingine da matashi, a hankali, har ta ga ƙasan kwano. Wata mata da ba ta sani ba ta zo ta ɗauke kwanon ta tafi da shi. Inna ta bi ta da kallo har ta fice.

Washegari yaran suka dawo kafaɗa da kafaɗa, fuska a sake, da ledar lemo da ayaba.

"Inna, mun zauna mun yi magana," in ji Yaya. "Gardamar ta ƙare. Ashe duka biyun ake buƙata, ba a raba su."

"Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka," in ji Auta, yana jin daɗin kansa.

"Ke naki abincin daban zai zama, mai ƙara jini: hanta, wake, ganye mai duhu. Na Baba kuma yadda yake. Abu ne mai sauƙi, zan nuna miki yadda za ki riƙa haɗawa."

"Ni kuma ba zan matsa miki ba. Ki raka Baba da safe a hankali, da yamma kuma ki ɗan miƙe ƙafa ke kaɗai, don ƙashi. Lamba nawa kike sawa ma?" Ya ɗaga bakin zane yana duba ƙafarta.

Ta dube su. Idanunsu cike da ƙauna, da sauƙin zuciyar wanda ya gano bakin zare. Ta ce Allah ya yi musu albarka. Suka ce amin, suka tafi aiki.

Bayan fitarsu nas ta zo cire robar ƙarin ruwa. Tana naɗe tiyo tana cewa, "Mama, albishirinki. Likita ta ce jiki ya yi kyau, gobe za a sallame ki."

A gadon kusa wata tsohuwa na minshari. Fanka na juyawa a sama, ba ta sauri.

"'Yata," Inna ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "ba za a iya barina zuwa jibi ba?"

Nas ta dakata, ta matso. "Wani wuri ne ke miki ciwo?"

"A'a," in ji Inna. Ta gyara kwanciya, ta juya fuskarta wajen bango. "Babu inda ke ciwo."