Tambayar da Aka Yi Mata Ita Kaɗai

Hannun mijinta na kan gwiwarta sa'ad da Malama, mai sasanta ma'aurata, ta rufe fayil.

"Ƙa'idata ce, kafin in haɗa ku sai na ga kowa shi kaɗai. Maigida, ɗan ba mu wuri."

Ya yi dariya. "Ai mu ba ma ɓoye wa juna komai. Ko ba haka ba, Maman Biyu?" Yatsunsa suka nutse cikin namanta.

"Haka ne," ta ce.

Ya fita. Taku uku ta ji, daga nan shiru. Yana bakin ƙofa ke nan. Yayanta ne ya matsa musu su zo, a zatonsa ɗan saɓani ne irin na kowa.

Malama ta kunna fanka mai ƙara, ta jawo kujera kusa da ita.

"'Yar'uwa, abin da za ki faɗa ba zai kai kunnensa ba. In ransa ya ɓaci, me yake yi?"

"Ba komai. Mutum ne mai fara'a."

"Yana duba wayarki?"

"Kowane miji ai yana yi."

"Kina jin tsoronsa?"

Shekara tara ana tambayarta me ta yi masa. Wannan kam ba a taɓa yi mata ba. Ta dubi ƙofa, ta ɗan janye mayafinta. Shatin yatsu ne a wuya, ya fara baƙi.

"Ba zan zaunar da ke gabansa ki yi magana ba," Malama ta ce ƙasa-ƙasa. "Zan ce sai na ƙara ganin kowannenku daban. Ɗinki kike yi, ko?"

Ta yagi takarda ta rubuta: kafaɗa, ƙugu, hannu, tsawo, kowanne da lamba.

"Jera su, lambar wayar gidan da ke ba mata mafaka ce. In ya gani, awon rigata ne."

* * *

A mota bai tayar da inji ba. Ya daɗe yana shafa sitiyari.

"Ni minti bakwai ta yi da ni. Ke ashirin. Hirar me kuka sha haka?"

"Riga take so in ɗinka mata."

Ya zazzage jakarta a cinyarsa, ya karanta takardar, ya yi murmushi.

"Ashe Malama ƙatuwa ce."

Ya miƙo hannu ta gefen wuyanta. Ta ɗauke numfashi. Bel ɗin kujera ya jawo, ya ɗaura mata a hankali, ya ɗaga wa maigadi hannu.