Dokin Ƙofar Meri

Matakala bakwai ce daga ƙasa zuwa barandar meri, ofishin magajin gari na unguwar su Mutari. Da za ka tare mutum goma da suka fito daga ciki ka tambaye su, da wuya ka sami wanda zai faɗa maka adadin daidai, don mai ƙafa ba ya ƙirga matakala. Mutari kuwa ya san su ɗaya bayan ɗaya. Ya san ta ukun da ta gutsure a gefe, ya san ta biyar da rana ta fi gasawa, saboda da tafin hannunsa yake hawansu.

Shan-inna ce ta taɓa shi tun yana ɗan shekara huɗu, ta tafi da ƙafafu ta bar masa sauran. Sauran nan kuma ba kaɗan ba ne. Baduku ne na ji da gani a Damagaram, jakar da ya ɗinka sai dai mai ita ya gaji da ita ya bayar. Yana da kekensa na hannu mai ƙafa uku, kore shar, da ɗan akwatin katako a baya. A cikin akwatin nan kullum akwai silifa ƙafa biyu da ba su taɓa ganin ƙafa ba. A hannu yake sa su idan ya je inda keke ba ya shiga.

Duk cikin irin waɗannan wurare babu wanda ya fi ƙona masa rai kamar meri. Sai ya ajiye keke a gindin dogon yaro, ya sa silifa a hannu, ya ja jiki ya hau. In kuma ya shiga biro, wato ofishin takardu, tebur ya fi shi tsawo. Madam Fati mai rubuta takardun haihuwa mace ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, amma leƙowa take yi ta bisa tebur in za ta yi masa magana, ta sauko masa da littafi ƙasa ya sa hannu a kan siminti. Shekara da shekaru, abin da Mutari ya sani na biron nan shi ne ƙarƙashin tebur.

Sai ga shi bayan shekara goma sha ɗaya da aure Allah ya ba su haihuwa, shi da matarsa Ramatu. 'Ya mace, aka sa mata Rahina. Murnar da Mutari ya yi ba ta faɗuwa, har mutane suka ce ya fi mai jego ƙiba. Daren suna bai yi ba sai da ya ci alwashi a gaban Ramatu: takardar haihuwar 'yar nan, a kan tebur zai sa mata hannu, yana zaune kamar kowane uba, ba zai shigar da sunanta littafin gwamnati da rarrafe ba.

Ba a banza ya faɗa ba. Ƙungiyarsu ta masu buƙata ta musamman ta shekara uku tana kai wa majalisar gari takarda a kan matakalan nan, kuma a bana aka amince a yi gangaren siminti daga ƙasa har baranda. Wanda aka ba aikin kuwa ba kowa ba ne illa Yakuba magini, ɗan kawun Mutari, taubashinsa da ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba.

Aiki ya yi ta ja. Yau babu yashi, gobe ana jiran siminti ya sha ruwa. Ramatu ta fara ƙosawa.

"Maigida, ran Lahadi fa nake arba'in. In Litinin ta yi ba ka karɓo takardar nan ba, ni zan goya 'yata in je. Takarda dai takarda ce."

"Ki ba ni zuwa Alhamis," in ji Mutari. "Bawan nan nawa ya ce ya gama."

Ran Laraba da la'asar Yakuba ya biyo ta rumfarsa yana hura hanci, hula a karkace.

"Kai bawa, gobe sai ka yi wanka da sabulu. Na shimfiɗa maka hanyar da ko ƙwai aka gangaro a kanta ba ya fashewa. Har gyara na ba su, abin da ba su tambaya ba."

"Wane irin gyara?"

"In ka je ka gani. Irin aikin da Baba ya koya mini, ba irin na yaran yanzu ba."

Da Mutari ya san abin da ake nufi da gyaran nan, da bai yi dariya ba.

Ran Alhamis da hantsi ya fito da farar shaddarsa ta suna, ya goge keke har taya. Silifan hannu suna cikin akwati, don ya saba, amma ko kallonsu bai yi ba. Da ya isa meri sai ya tarar Yakuba na can tun safe, yana tsaye gefen aikinsa yana karɓar barka kamar ango.

Gaskiya kuwa aiki ya yi kyau. Gangaren ya kwanta, ba tsaye ba kamar na wasu wurare da sai ƙato biyu sun tura mutum. Ga ƙarfen dafawa a gefe, ga zane-zane a simintin don kada taya ta sulɓe. Mutari ya yi bisimilla ya kama juya hannu. Keke ya tafi sumul. Ya wuce matakala ta uku mai gutsure yana kallonta daga sama, ya wuce ta biyar, sai ga shi a baranda, ko haki bai yi ba. Daɗin da ya ji a lokacin har sai da idonsa ya kawo ruwa.

Ya juya kan keke zuwa ƙofar biro, sai tayar gaba ta daki wani abu, ƙum.

Dokin ƙofa ne. Sabo fil, tsawonsa ya kai taƙi guda, an shafe shi luwai, har da 'yar ƙwarya-ƙwaryar ado da aka zana da bakin cokalin gini. Da can babu shi a wurin.

"Ga gyaran!" in ji Yakuba daga bayansa, baki har kunne. "Ƙofar gwamnati guda ba dokin ƙofa, kamar bukkar gona? Na ce wannan abin kunya ba zai tsaya kusa da aikina ba."

Kada mai karatu ya ɗauka mugunta ce. Yakuba tun yana ɗauko wa ubansa laka aka koya masa cewa ƙofar da ba ta da doki ba a gama ta ba. Doki ne ke tare ruwan damina, shi ke tare yashi da kunama. Magini a garin nan zai iya manta taga, amma ba ya manta wannan. Ya yi kwana ashirin yana gina hanya don keken taubashinsa, ya zo ƙarshe hannunsa ya yi abin da ya saba, kansa bai ko tambaye shi ba.

Mutari ya dubi ƙofar. Ga teburin can, bai fi taku biyar ba. Baba Dodo, tsohon palanton, wato masinjan meri, da ke tsaron ƙofa, ya matso yana naɗe hannun riga.

"Malam Mutari, abu mai sauƙi. Ni da Yakuba mu ɗaga ka da keken gaba ɗaya."

"Na gode, Baba. Ba ɗauka na zo a yi mini ba."

Madam Fati ta taso da babban littafin a rungume. Ita kullum Mushe take ce masa, wato Malam a Faransanci. "To bari in kawo maka nan, Mushe Mutari. Ai ka riga ka hau, saura me?"

"Allah ya saka, Madam. Ki mai da shi inda yake, zan iske shi."

Ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya ji hannunsa na neman akwatin baya da kansa. Ya tuna Litinin, ya tuna Ramatu da goyo. Amma da ya waiwaya ya ga Yakuba na ta raba ido, har yanzu bai gane abin da ya faru ba, sai fushin ya sauka, wani tunani ya zo masa. Ya dafa ya sauko daga keken, ya zauna a kan bencin baranda, ya gyara shaddarsa.

"Yakuba, zo hau."

"In hau me?"

"Keken ubangidanka. Ka sauka ƙasa, ka hawo hanyarka, ka shiga biro ka gai da Madam. In ka shiga, na yarda ni ne bawan har abada."

Masu jiran takardu suka fara dariya, kuma taubashi ba ya ƙin irin wannan a gaban jama'a. Yakuba ya tuɓe hula ya ba Baba Dodo, ya naɗe ƙafafunsa a kan keken da ƙyar, ya gangara ƙasa. Hawowar ta zo masa da sauƙi, har yana ɗaga wa mutane hannu ɗaya. Ya nufi ƙofa da ƙarfinsa. Taya ta daki doki, keke ya dawo da baya, haƙoransa suka haɗu. Ya ja baya ya sake tahowa, aka sake maimaitawa. A karo na uku ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa zai tura.

"A'a," in ji Mutari. "Mai da ƙafar nan. Ba ka da ita."

Dariyar mutane ta tsaya. Yakuba ya mai da ƙafar, ya zauna riƙe da hannun keke, zufa na bin wuyansa, yana kallon abin da ya gina da hannunsa. Da ya buɗe baki, muryarsa ta sauka.

"Wallahi, ɗan gwaggo, ban gan shi ba. Ni na aza shi, amma ban gan shi ba."

"Na sani."

"Amma ruwa fa? Indararon can a baranda yake zuba," in ji Yakuba.

"Gaskiyarsa," in ji Madam Fati. "Bara sai da muka ɗora littattafai bisa kujeru."

Mutari ya girgiza kai. "Shekara nawa kana shiga rumfata kana shanye mini shayi? Ka taɓa ganin dokin ƙofa a can? Ka taɓa ganin ruwa a ciki?"

Yakuba ya ɗaga kai sama yana tunani. Sai yanzu ya tuna: a bakin rumfar Mutari 'yar kwata ce siririya, faɗin yatsa biyu, an karkata ta zuwa waje. Ruwa na bin ta ya wuce, taya kuma na tsallake ta ba ta sani ba. Ya taka ta ya fi sau dubu.

Ya sauka daga keken, ya je ya nemi izinin sakataren meri, ya dawo da guduma da kurfi daga buhun kayansa. Bugun farko a kan adon ya sauka. Simintin bai gama ƙeƙashewa ba, don haka bai yi gardama sosai ba. Yana fasawa Baba Dodo na kwashewa, Mutari kuwa na zaune a benci yana ba da umarni kamar shi ya ba da aikin.

"Bawa, can gefen bai kwanta ba. Haka Kawu ya koya maka?"

"Ka yi mini shiru, ko in mai da shi."

Kafin azahar wuri ya yi fes, an ja layin da kwata za ta bi gobe. Mutari ya hau kekensa. Tayar gaba ta shiga, na baya suka bi ta, babu ko girgiza.

Ashe haka saman teburin yake. Koren ƙyalle ne a shimfiɗe, ga furen roba a cikin gwangwani, ga hatimi da 'yar tawadarsa, ga hoton yaran Madam su uku a ƙarƙashin gilashi. Ita kanta Madam ɗin, ashe tana da ɗan tabo a gira, bai taɓa lura ba. Ta buɗe littafin, ta juyo masa da shi, ta miƙa masa bik ɗin rubutu. Ya karanta sunan a hankali, da karatunsa na lakkol, wato boko, aji shida: Rahina Mutari. Ya goge tafin hannunsa a gwiwa don sabo, ya duba ya ga babu abin gogewa. Ya sa hannu, bai yi sauri ba.

Ta buga hatimi ta miƙo masa takardar da hannu biyu. "Allah ya raya, Mushe Mutari."

"Amin, Madam." Ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji. Har ya fara juya keke sai ya tsaya. "Af, na manta. Akwai wata ƙusa a ƙarƙashin teburin nan, ta hagunki, ta fito sosai. Ki sa Yakuba ya danne ta tun da gudumarsa na kusa, kada ta yage miki zane."

Madam Fati ta sa hannu ƙarƙashin tebur tana lalube, sai yatsanta ya taɓa ta. Shekararta tara a kan teburin nan ba ta san da ita ba.

"Yaushe ka gan ta?"

"Tun zuwanki nake ganinta," in ji Mutari. "Yau ne dai ban gan ta ba."